Lambobin da Auta Ya Ƙi Faɗa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau muke. Inna ta samu sauƙin hawan jinin, sai dai gishirin da likita ya hana a ɓoye take barbaɗawa, tana zaton ba mu gani. Ni kuma ina nan kan keken ɗinkina.

Labarin ƙanenmu Auta ne ya zaunar da ni rubutu, amma ka karanta har ƙarshe kafin ka tayar da hankalinka. Ka san yadda yake yi a shagonsa na gyaran waya: duk wayar da aka kawo, sai ya rubuta lambar buɗe ta a 'yar takarda mai gam, ya manna a bayanta. Makonni uku da suka wuce, mutanen unguwa suka yi tattaki zuwa ofishin ruwa, don famfo ya yi wata biyu bai ɗiga ba. Aka yi turereniya, wayoyi suka farfashe, aka kai wa Auta gyara. Bayan kwana biyu, da hantsi, maƙwabcinsa mai aski ya leƙo ya ce ga 'yan sanda nan tafe, suna neman hotunan waɗanda suka fita tattakin a cikin wayoyin. Kafin su iso, Auta ya ɓamɓare takardun duka ya jefa a kwata. Suka ce ya buɗe wayoyin, ai lambobin suna kansa. Ya ce wayoyin amana ce, su kawo takardar alƙali, shi kuma zai buɗe. Suka kwashe waya goma sha huɗu, suka haɗa da shi.

Yaya, Autan da ka sani fa, wanda ko ƙadangare ne ya shigo ɗaki sai ya ƙwala mini kira! Wallahi na tsorata, amma mamaki ya fi tsoron yawa. Da muka je ofishin 'yan sandan, Inna tana kuka ta roƙe shi ya faɗa musu ya fito. Ya sunkuyar da kai ya ce ta yi masa afuwa, in ya faɗa, gobe mutum goma sha huɗu ne za su kwana inda ya kwana, har da wata ma'aikaciyar jinya mai goyo.

Da yamma tsohon malaminmu na firamare ya zo da wani littafi duk ya yamutse, ya ce kundin tsarin mulki ne. Ni da nake zaton abin lauyoyi ne kawai, sai ga shi yana karanto mana cewa ba a leƙa saƙonnin mutum haka kawai, kuma ba a tsare shi ba iyaka ba tare da an kai shi kotu ba. Ya sa kowane mai waya ya rubuta takardar neman wayarsa. Washegari muka cika bencin ofishin, babu ihu babu zagi. Duk bayan awa ɗaya Malam zai miƙe ya gaida sajan ɗin da ke bakin aiki, ya tambaye shi yaushe za a kai yaron gaban alƙali. Har sajan ya gaji ya ce shi Baba ba ya jin yunwa ne? A rana ta uku aka sako Auta, wayoyin kuma a kulle yadda suka tafi.

Na ari littafin, ina karantawa tsakanin ɗinki da ɗinki, kuma tambayoyi sun cika mini kai. Can inda kake, haka mutane suke tambayar hukuma ido da ido? Kai ka san da waɗannan abubuwa tun da can, ka ƙyale mu? Kuma me ya sa ba a koya mana a aji ba, alhali Malam yana da shi a aljihu?

Ga abin da ya fi ɗaure mini kai. Shekaranjiya ina shagon sai ga sajan ɗin nan da kayan gida, ya miƙo wayarsa gilashi a fashe. Auta ya ce masa ai akwai masu gyara kusa da ofishinsu. Mutumin ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya ce ya sani, amma akwai abubuwan iyalinsa a ciki, kuma duk garin nan mutum ɗaya ya sani wanda ba zai bari a gani ba.

Ka gaida Anti da yara, musamman takwarata. Inna da Kawu suna sa maka albarka, Auta kuma ya ce kada ka yi masa faɗa.

Ƙanwarka mai kewarka,
Telar gidanmu