Yaya Haladu, Gonar Baba Ta Fara Farfaɗowa

Zuwa ga yayana Haladu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ladi da yara, a can Fatakwal. Mu nan Gyadi-Gyadi lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana Malam Isiyaku yana gaishe ka.

Na kira wayarka har na gaji. Da zarar ka san maganar gida ce, ba ka ɗauka. Amma Anti Ladi ta tsegunta mini cewa duk abin da na sa a shafina kana karantawa, ko da ba ka tanka ba. To, ga shi na sa a nan. Masu karantawa ku yi haƙuri, yau da yayana nake.

Ƙanenmu Sabi'u ya isar mini da saƙonka: a sayar wa kamfanin haƙar kwal gonar Baba, su riƙa zuba ƙasar raminsu a kai, kowa ya huta. Ban ga laifinka ba. Kai ne babba, kuma kai ka sha wahalar gonar nan fiye da mu duka. Sai dai akwai abin da ba ka sani ba, ina so ka ji shi kafin ka sake magana.

Ka tuna gonar kafin a fara haƙa? Masara takan rufe mutum ruf. Ina ƙarama nakan ɓace a ciki idan na kawo muku fura, sai ka yi ta fito ina bin sautin har in same ku. Baba yakan damƙi ƙasa ya shinshina, ya ce, “Wannan ko sanda ka kafa mata sai ta yi tsiro.”

Daga baya manyan motoci suka zo. Tulin baƙar ƙasa ya tashi a saman gonarmu kamar dutse. Da damina ta sauka, ruwan da ke gangarowa daga can ya zama ja kamar tsatsa, yana warin ashana. Baƙar ƙura ta kwanta a ganyen dawa. Inna takan yi shanya, ta dawo ta sake wankewa.

Masara ta riƙa tsayawa iya gwiwa, ganyenta rawaya. Ko tsutsar tana ba a ƙara gani a cikin ƙasa ba. Kwaɗin rafi ma suka yi shiru. Ka ƙara takin zamani, abin ya ƙi. Shekara ta zagayo ka sake ƙarawa, sai ma abin da ya yi gaba.

Ina tsaye a bakin rumbu ranar da kuka dawo da amfanin da bai cika mangalar jaki ba. Ka yar da fartanya a tsakar gida, ka ce, “Gonar nan ta mutu, ni ba zan tsaya a binne ni tare da ita ba.” Kafin sallah ta zo ka riga ka tafi Kudu.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa ka zo jana'iza, amma ko hanyar gona ba ka kalla ba. Ni na je. Ban san abin da ya kai ni ba, na cika buhu da ƙasar saman gonar, na sa a motar Kano. Malam Isiyaku da ya zo ɗaukata a tasha da Keke Napep ɗinsa ya yi ta tsokanata, wai mutane suna dawowa da tsarabar gyaɗa, ni na dawo da ta ƙasa.

Na zuba ta a tsofaffin bokitai a bakin ɗakin da nake ɗinki, na shuka kuɓewa. Ta fito siririya, ta yi rawaya, ta kwanta. Ranar sai da na yi kuka, domin na ga kamar maganarka ce ta tabbata.

A nan Mama Saratu ta same ni. Ba ka san ta ba. 'Yar Filato ce, a Tarauni take zaune, ta yi ritaya daga ma'aikatar gona, ni nake yi mata ɗinkin kayan zuwa coci. Ta duba bokitan, ta murza ƙasar a tafin hannu, ta tambaye ni inda na samo ta. Da na ba ta labari sai ta zauna a kan benci. Ashe ita ma a gefen ramukan kuza ta tashi, gonar mahaifinta ma an taɓa fid da rai da ita. Ba zan manta abin da ta ce ba: “Zulai, ba mutuwa ta yi ba, ciwo take yi. Mai ciwo kuwa sai an auna shi kafin a ba shi magani.”

Ta sa Sabi'u ya aiko da ƙasa daga sama da tsakiya da kuma ƙasan gonar, ta kai wa abokan aikinta na dā suka gwada. Ga abin da suka gano, Yaya. Jan ruwan nan ne ya sa ƙasar ta yi tsami. Idan ƙasa ta yi tsami haka, saiwa ba ta iya shan abinci ko da an tula mata taki. Ba rashin ƙoƙarinka ba ne, ba kuma rashin iya noma ba. Ina so ka sake karanta wannan wurin.

Sun kuma faɗa mana gaskiya mai ɗaci. Ɓangaren da ke bakin rafi ya sha abubuwa masu guba, kada a shuka abin da za a ci a wurin. Amma sama da tsakiya za su iya warkewa.

A bokitan muka fara gwadawa. Garin farar ƙasa irin wanda ake zuba wa gona, da toka, da kashin kaji da nake karɓowa wurin wata mai kiwo a Darmanawa. Muka gauraya, muka bar ta ta huta. Da na sake shuka kuɓewa, sai da ta wuce tagar ɗakina. Maƙwabta har leƙowa suke yi.

Kafin damina na tafi gida. Sabi'u ya tara masu gonakin da ke kusa da mu, suka yi ta sintiri tare da mai gari har kamfanin ya turo mota ta haƙa magudanar da ta kautar da jan ruwan. Muka dasa ciyawar jema a bakin magudanar don ta riƙe ƙasa, muka jera itatuwa a wajen rafin. Saman gonar kuma muka yi masa abin da muka yi wa bokitai. Fulanin da ke sauka bayan gari suka yarda shanunsu su riƙa kwana a wurin da rani.

Shekarar farko ba mu samu abin kirki ba, har Sabi'u ya fara karaya. Bana muka sa wake da gyaɗa. Yaya, waken ya yi yaɗo har ya rufe kunya. Mama Saratu ta hana kowa ci sai da aka kai shi aka gwada, aka ce lafiya lau. Ran da ake roro Inna ta ce sai an kai ta. Ka san ƙafarta yanzu, a bayan mashinsa Sabi'u ya ɗauke ta. Ta zauna a gefen kunya tana ɓare wake a zaninta, tana dariya, hawaye na zuba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, aiki na nan da yawa. Ƙura ba ta daina sauka ba. Bakin rafi har yanzu fili ne tas, sai 'yan itatuwan da ke ta fama. Masara ma ba mu gwada ba tukuna. Wataƙila ba za ta taɓa komawa yadda muka san ta muna yara ba. Amma tana ba da abinci, kuma bana ta fi bara.

Ban ce ka bar aikinka ka dawo noma ba. Ka zo kawai, ka taka saman gonar da ƙafarka, ka gani da idonka. Idan bayan haka ka ce a sayar, wallahi ba zan ja da kai ba.

Kuma ka sani, Inna ta ware kwano guda na waken nan, ta barbaɗa masa barkono don kada ƙwari su shiga, ta ɗaure a ƙarƙashin gadonta. Matar Sabi'u ta taɓa miƙa hannu za ta dafa, Inna ta ce, “A'a, wannan na Haladu ne, da bakinsa zai ci.” Kada ka bari ya tsufa a wurin, ɗan'uwana.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Ya saka wa Mama Saratu da alheri, ya warkar da ƙasarmu da ta maƙwabtanmu, ya sanyaya zuciyarka, ya kawo mana kai gida lafiya. Amin.

Taka ƙanwa mai kewarka,
Zulai
Gyadi-Gyadi, Kano