Mijina Ya Sare Ɓauren Ɗanmu Saboda Gwangwanin Auna Ruwan Sama

Gwaggo Danica, don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da ba ya gyaruwa. Na haura sittin, ban taɓa rubuto wa jarida ba, amma na rasa wanda zan faɗa wa. Ƙanwata Zorka ta tsani mijina tun ranar aurenmu, duk abin da na gaya mata wuta za ta ƙara. Fadan cocinmu kuwa ba abin da ya sani sai a yi haƙuri.

Gidanmu ne na ƙarshe a gari, inda kogin Neretva ke shiga teku, bayanmu gandun fadamar da aka hana farauta. Filin na mahaifina ne, ni na gada. Shekara arba'in da suka wuce masu kula da gandun suka nemi izinina suka kafa kayan auna yanayi a bayan gida: wani farin akwati mai dogayen ƙafafu, da sandar iska, da gwangwanin da ke tara ruwan sama. Mijina Jerko ne ke karanta su kowace safiya, daga nan ya gangara bakin ruwa ya auna gishirin da teku ke turowa cikin kogi. Bai taɓa fashi ba. Ranar da naƙuda ta kama ni sai da ya leƙa gwangwanin kafin ya kai ni asibiti, a lokacin har dariya muka yi. Ranar da za a binne yaron nan da na haifa ma sai da ya leƙa, da baƙar kwat a jikinsa, mutane na tsaye a ƙofar gida suna jira.

Lovre sunansa, shi kaɗai Allah ya ba mu. Haɗarin babur ne ya ɗauke shi yana saurayi. Lokacin da yake firamare ya taɓa dawowa gida da wani busasshen reshe a hannu, wai malaminsu ya ce ɓaure ne. Ya soke shi a ƙasa bayan ɗakin girki, muna ta yi masa tsiya. Sai ga shi ya kama. Bayan rasuwarsa itacen ya zama abin da nake tashi dominsa. Duk bazara ina shanya 'ya'yan, in jera su da ganyen ƙamshi, ranar ziyarar kaburbura in raba wa maƙwabta. Kowa a unguwa ya san ɓauren Lovre. Jerko kaɗai bai ƙara sa shi a baki ba tun da yaron ya tafi, ko na ajiye masa a faranti sai ya ture.

Bara wata jami'a daga ofishin gandun ta zo duba kaya. Yarinya ce mai ladabi, har ta ci ɓauren ta yaba. Ta ce itacen ya yi tsawo, yana tare wa gwangwani ruwan da iskar kudu ke korowa, kuma a ƙa'idar aikinsu ba a barin dogon abu kusa da shi. A gabana ta ce a rage rassan sama kawai ya wadatar. Na ce to, idan sanyi ya shigo zan sa a rage.

Kafin sanyin ya shigo, a watan Agusta, aka yi mini aikin yanar ido a birnin Split, na kwana biyu wajen Zorka. Na dawo ido ɗaya a rufe, na shiga ɗakin girki, sai na ga haske ya cika ko'ina. Na ce, "Kai, Jerko, likitan nan ya iya aiki! Ashe haka duniya take da haske?" Yana zaune yana gyaran ƙugiya, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ƙwarai kuwa, ya iya." Ya bar ni na yi ta murna, na sha ruwa, na canza kaya, har na buga wa Zorka waya na gaya mata. Sai da na je taga zan wanke kofi na ga kututture. Ya sare shi tun daga gindi, da 'ya'ya nunannu a jiki, sun zube a ƙasa zanzaro na bi.

Ban san irin ihun da na yi ba. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "In an rage zai sake tofowa. Ke ba ki san aikin ba." Na ce itacen ɗanka ne. Ya ce, "Ɗana yana maƙabarta, tsohuwa, ba a bayan ɗakin girki yake ba." Daga nan ya tambaye ni ko akwai sauran miyar kifi.

Bai tsaya nan ba, Gwaggo. Kin san ɓaure da taurin rai, kututturen sai tofo yake. Kowace safiya, idan ya gama karatun gwangwaninsa, sai ya bi ta wajen ya sa dugadugin takalmi ya murje tohon. Ba a ɓoye yake yi ba, ya san ina tsaye a taga. Na daina ci da shi, na koma kwana a ɗakin Lovre, ko a jikinsa. Jiya ma ya shigo da fara'arsa yana gaya mini wai tun da aka cire itacen awon ya daidaita.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata mai zuwa za a yi bikin cika shekara arba'in da fara awon, za a gasa rago, a ba Jerko lambar yabo a gaban jama'a. Izinin filin ma ya ƙare, kuma sai da amincewata za a sabunta, don filin nawa ne. Niyyata in bari sai ya karɓi lambar, ana cikin tafi, in miƙe in ce su kwashe tarkacensu daga filin ubana. Na ji jami'ar da kunnena tana cewa in aka matsar da kayan ko da gonar maƙwabci ne, awon ya yanke ke nan, sai a fara daga farko. Ina so in ga fuskarsa a lokacin. Na sani masu gonakin lemun tanjarin da awon nan suka dogara wajen neman a gina shingen da zai tare ruwan gishiri daga shiga kogi, ganyen itatuwansu duk ya yi rawaya. Na sani, amma wallahi a yanzu ban damu ba. Ki gaya mini gaskiya, ina da hakki ko ba ni da shi?

Mai Kallon Kututture, daga bakin kogi

*

'Yar'uwata Mai Kallon Kututture,

Kina da hakki. Filinki ne, ba kuma wanda zai kai ki ƙara. Amma ba wannan kike tambaya ba, kina so ne in ce miki ki je ki yi, ni kuwa ba zan ce ba.

Bari in fara da mijinki, don kada ki zaci zan wanke shi. Abin da ya yi mugunta ce. An ce ya rage, ya sare. Ya jira sai da kika kwanta ƙarƙashin wuƙar likita, don ya san in kina nan ba zai iya ba, wannan kuma ragwanta ce. Barin da ya yi miki kina yabon likita ya fi saran kansa muni a wurina. Kada ki bari kowa ya ce miki ai itace ne kawai, ko ai aikinsa ya kare. Ƙa'idar aikin ba ta ce ya yi haka ba, jami'ar ma ba ta ce ba.

Sai dai akwai magana guda a wasiƙarki da kika wuce ta da sauri: bai ƙara cin ɓauren ba tun rasuwar yaron. Mutumin da itace bai dame shi ba, cin 'ya'yansa yake yi ya share baki. Ina zargin shekaru ya yi yana wucewa ta gindin abin da ba ya iya kallo, ke kina samun sanyi a inda shi yake ƙonewa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa. Da aka ba shi dalili, sai ya rarumi gatari. Wannan bai rage masa laifi ko kaɗan ba. Na faɗa ne don ki san irin mutumin da za ki tunkara, kuma don kada ki zauna jiran ya ba ki haƙuri da kansa. Irinsu ba sa bayarwa.

Yanzu ke. Abin da kike shiryawa shi ne ainihin abin da ya yi miki: ki jira lokacin da ba zai iya kare kansa ba, ki sare masa abu tun daga gindi. Bambancin kawai, nasa gatarin ke kaɗai ya sama, naki kuwa zai sauka a kan maƙwabtan da kike raba wa ɓaure duk shekara. Za ki ga fuskarsa, na yarda, na ɗan lokaci. Bayan nan da su za ki riƙa haɗuwa a kasuwa da coci har ƙarshen ranki.

Ga abin da za ki yi. Gobe ki riga shi fita. Ki kifa kwando a kan toho ɗaya mai ƙarfi, ki ɗora dutse, ki gaya masa ido da ido cewa wannan ba na takawa ba ne. Idan ya yi ƙwari sai a yanke shi a dasa, ɓaure da reshe yake kamawa, Lovre ya nuna muku tun yana yaro. Ki kira jami'ar nan ta auna miki inda itace zai girma ba tare da ya tsare wa gwangwani komai ba. Ki amince da sabunta izinin tun kafin biki, ki kuma cire shi daga cikin rigimarku, don ba naku ba ne ku kaɗai.

Sannan ki zaunar da Jerko, ba a gaban kowa ba, ki ba shi sharaɗi ɗaya: shi zai haƙa ramin dashen da hannunsa, kuma ya ambaci sunan yaron yana haƙawa. Idan ya yi, akwai sauran abin da za ku tsinta a auren nan, ko da ba yawa. Idan ya ƙi, ko kika wayi gari kika ga kwandon a ture, kada ki tsaya jayayya. Ki ɗauki reshenki a tukunya ki tafi wajen Zorka. Gidan yana nan da sunanki, ba inda zai je. Shi kuwa ki bar masa gwangwaninsa, ya ci gaba da auna ruwan sama daidai wa daida, ya shigo ɗakin girki mai haske ya rasa wanda zai gaya wa.

Allah ya jiƙan Lovre, ya ƙara wa idonki lafiya, ya kuma sa reshen ya kama.

Taki,
Gwaggo Danica