An Rubuta Mana Shaguna Biyar, Bayansu Kuwa Bulo Ne

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kafin zuciya ta sa in yi abin da zan zo ina cizon yatsa.

Ni mai walda ne, ina haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe. Ba ni da shago, a ƙofar gida nake aiki, gidan da Baba ya bar mana ni da ƙanena, kuma sunanmu mu biyu ne a takarda. Ɗaki huɗu ne da tsakar gida. Inna tana ɗakin farko, ni da iyalina muna sauran. Ƙanen nawa ya daɗe da tashi, yana haya kusa da wurin aikinsa.

To, ni ba na jingina ƙofa a bango kamar sauran masu walda, don mai saye ba ya ganin kyan ƙofa sai a tsaye. Sai na kafa samfuri biyar a jikin katangarmu ta waje, da firam da siminti, na yi musu fenti, na sa wa kowace lamba da kwaɗo, yadda mutum zai ce mini lamba uku yake so. Duk wadda ka buɗe, da bulo za ka ci karo.

Kwanakin baya ma'aikacin da ke ƙiyasta darajar gidaje don haraji ya zo layinmu, ni kuwa na tafi kafa get a wani gida. Matata ta hango shi ta taga. Bai yi sallama ba, bai nemi shiga ba, ya ɗauki hoto, ya yi rubutu, ya wuce. Da takarda ta iso, sai ga shi an rubuta gida mai shaguna biyar. Harajin da aka yanka mana, ko na sayar da injin walda da janareta ba zan kai rabinsa ba. A ƙasa kuma an ce in ba a biya ba za a iya garƙame gidan.

Malama, ma'aikacin nan makaho ne? Ni dai ban yarda kuskure ba ne. Tun bara ƙanena yake damuna a sayar da gidan a ba shi kasonsa, ni kuma na ce ina za mu kai Inna. Mutumin da sai ƙarshen mako yake leƙo mu, ranar nan sai ga shi tsakiyar mako wai ya zo gaida ita. Matata ta gan shi tsaye da ma'aikacin a jikin mota, har da dariya. Sati guda bayan takardar, wani dillali ya zo yana tambaya ko gidan na sayarwa ne. Wa ya gaya masa? Ruwa ai ba ya tsami banza.

Na je ofishin harajin sau ɗaya, wani da ke zaune a bakin ƙofa ya ja ni gefe, wai zai gyara mini in na ba shi na goro. Shi ma ban yarda da fuskarsa ba, na juyo. A bayan takardar an ce ana da kwana talatin a shigar da ƙorafi, yau sha tara sun tafi. Ban sake ɗaga wayar ƙanena ba. Wallahi abin yana cina, ni na koya wa yaron nan hawa keke. So nake in tara kawunnanmu in tona masa asiri a gabansu. Ko kina ganin in fara da ma'aikacin?

Mai walda da aka kai bango

AMSA

Malam, sannu da wannan damuwa. Amma kwana sha tara ka yi kana bincike a kan ƙanenka, takardar kuwa tana nan yadda aka rubuta ta. Saura sha ɗaya, kuma ofis ba zai ƙara maka ko ɗaya don ranka a ɓace yake ba.

Ba zan ce zarginka banza ba ne. Ƙanenka yana son a sayar, an kuma gan shi da mutumin. Sai dai ka tsaya a tsallaken titi ka kalli katangarka da idon baƙo. Ƙofofi biyar a jere, kowace da lamba da kwaɗo, ni ma shaguna zan ce. Ka yi su don su burge mai wucewa, ga shi sun burge wanda bai kamata ba. Laifin ma'aikacin shi ne bai shiga ya duba ba, kuma wannan kaɗai ya ishe ka hujja. Dillalai kuwa, duk layin da takardun haraji suka sauka ba sa bukatar mai kiransu.

Gobe ka buɗe ƙofofin duka, ka ɗauki hoto bulon ya fito sosai, ka shiga tsakar gida ka ɗauki bayan katangar. Kada ka cire ko ɗaya tukuna, don kada a ce rushe shagunan ka yi. In ka je ofishin, ka wuce na bakin ƙofar nan, kada ka ba shi ko sisi, ka je teburin karɓar ƙorafi. Ka rubuta cewa kana son a dawo a sake dubawa ciki da waje, ka haɗa da hotunan da kwafin takardar gida, kuma kada ka fito sai an buga wa naka kwafin hatimi da kwanan wata. Ka tambaye su abin da ya kamata ka biya kafin a gama, su ba ka amsa a rubuce.

Taron kawunnai ka ajiye shi. Kuskuren takarda ana gyara shi da biro, amma in ka kira ɗan'uwanka maci amana a gaban dangi kuma ya zamana ba shi da hannu, da ciwon za ku tsufa, Inna tana kallo.

Tunda sunanku biyu ne a gidan, ƙorafin zai fi ƙarfi da sa hannunku ku biyu, wataƙila ma sai da shi za a karɓa. Ka je wurinsa da kanka, ka ajiye masa takardar, ka ce gidan Baba ne za a garƙame. In ya sa hannu, ka nemi afuwarsa ko da a zuci. In ya fara kame-kame, ka sami amsar da kake nema ba tare da ka zagi kowa ba, sai ka shigar da naka kai kaɗai kafin wa'adi ya cika.

Allah ya bar Inna a ɗakinta, ya sa hannun ƙanenka ya fi zarginka gaskiya.