Jantin Madam a Tsakar Gidanmu

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Na dawo daga ofis na tarar da tsakar gida kamar garejin bakin titi. Sabiru ya jera janti huɗu a gindin famfo, ƙarafen nan na alminiyum da tayar mota ke zama a kansu, yana wanke su cikin shuɗiyar robar da nake yi wa Zeinab wanka. Ruwan baƙi ƙirin. Ƙurar birki, taɓon kwata, duk ƙazantar da mota ta taka a Lome tana cikin robar ɗiyata.

Tun kafin azumi kamfanin fiton kaya ya sallame su. Ni ina zaton takardun neman aiki yake yawo da su, ashe bidiyo yake kallo a waya yana koyon wannan. Mutum da lisans ɗinsa, digirin jami'a guda. Mijina da ko rigar barci sai ya goge.

Wai na abokinsa Samir ne, gwaji kawai. Na bar masa robar har abada.

Laraba, 8 ga Mayu

Gugar janti da samfefa tun daga idar da sallar asuba. Ƙurrr, ƙurrr, har cikin haƙorana nake jinta. Ƙurar toka-toka ta hau shanyata, ta hau tabarma, na ga alamarta a gashin Zeinab. Hajiya Meimuna mai gidan, tana zuba mini koko a ƙofa, ta tambaye ni ko maigidana ya koma makaniki ne. Da murmushinta. Matan da ke layi duk suka juyo.

Kokon ma ban iya sha ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Yau mastik, wani kwaɓi mai kaurin tsiya da yake cike wuraren da gefen titi ya gatsa. Ya zauna yana shafa shi da yatsa kamar mai yi wa amarya lalle. Da muka zo cin tuwo ya wanke hannu da sabulu har ya gaji, amma baƙin yana nan ƙarƙashin farce. Na ɗebi nawa a wani kwano. Ya gani. Ya ci gaba da ci a hankali.

Asabar, 11 ga Mayu

Feshi. Har ruwan randa ɗanɗanon fenti yake.

Talata, 14 ga Mayu

Ya gama na Samir, ya kira ni in gani. Suna sheƙi kamar sabuwar tukunya, babu ko alamar ƙarzuwa. Na ce to, madalla. Ya ɗauki hoto ya ɗora a watsap duk da na roƙe shi kada ya yi. Ƙawayena na lise, tun na sakandare, suna da lambarsa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Wannan ranar.

Madam Rahinatou, shugabarmu a ofishin inshora, ta daɗe tana mitar jantinta, ta goge su da bakin titi a Nyékonakpoè har sun yi kamar kare ya tauna. Yau ta kira ni ta miƙo waya, wai an turo mata hoton aikin wani mutum a Zongonmu, ko na san shi? Na duba. Janti huɗu, famfonmu, igiyar shanyata, shuɗiyar roba a gefe.

Na ce Zongo da faɗi, Madam.

Haka kawai ya fito, ban ko yi tunani ba. Na koma teburina bakina ɗaci kamar na tauna kinin.

Asabar, 18 ga Mayu

Ta zo. Ina tankaɗen gari na ji muryarta a zaure tana sallama da Faransanci-Faransanci. Na ja Zeinab muka shige ɗaki, na tura ƙofa, na ba ta wayata don kada ta yi magana. Ni da gidana, ina leƙe ta labule kamar ɓarauniya.

Shi kuma sai wi Madam, wi Madam, yana durƙushe gaban tayarta da tsohon wandon ofis ɗinsa da ya yanke a gwiwa. Ta nuna masa wuraren da ƙafa, ba ta ko sunkuya ba. Ya cire ƙafafun motar duka, ya ɗora ta kan bulo a ƙofar gidanmu. Ta hau tasi ta tafi.

Ban san wanda ya fi ba ni ƙyama ba, ita, ko shi, ko wadda ke bayan labule.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na kwashi Zeinab zuwa Totsi wajen Mma. Na ce wari ne ya kore mu. Ta tambaya ya doke ni ne? A'a. Ya bar salla? A'a. Ya hana cefane? A'a. Ta ce to ita ba ta karɓar matar aure saboda hanci, in kwana tunda gobe hutu ne, jibi in koma ɗakina. Can kuma tana tsinke alayyafo ta tambaya ko Sabiru yana iya gyara tukunyar alminiyum, tata ta biki ta yi baƙi.

Ko uwata.

Talata, 21 ga Mayu

Mun dawo. Motar Madam tana nan a ƙofa, babu ƙafa, yara sun zana suna a ƙurar gilashi. Da safe in wuce ta, in hau zemijan, babur ɗin haya, in je ofis in tarar da mai ita tana ƙorafin tasi.

Aikin ya ɓaci. Ya fesa verni, man ƙarshe mai sa sheƙi, ana hadari, sai damshin iska ya shiga ya yi fari-fari kamar an zuba nono. Duka huɗun. Na ce ya kai mata haka mana, wa zai sunkuya ya duba? Ya ce shi ya riga ya duba. Ya ɗauko samfefa ya fara kankarewa daga farko. Tafin hannunsa ya tsage, yana ɗaure da tsumma, tsumman ma baƙi.

Laraba, 22 ga Mayu

Madam ta kira shi a gabanmu, ta buɗe murya kowa na ji. Ta ce masa maƙaryaci, ɗan koyo, in bai iya ba ya faɗa tun farko. Na ji muryarsa ta fito daga wayar, a natse, yana ba ta haƙuri, wai ranar Asabar insha Allahu. Muryar da ke karanta wa Zeinab Fatiha.

Da ta kashe ta ce mutanen Zongo duk haka suke, ban da ke Hidaya. Aka yi dariya. Na yi.

Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke baki.

Alhamis, 23 ga Mayu

Bayan la'asar ya fesa fentin azurfa, sannu-sannu, hannu na tafiya ba tsayawa. Na tsaya daga nesa da mayafi a hanci. Don in ce wani abu na tambaye shi mai motar nan ba ta da matsala dai ko?

Ya ajiye gwangwanin.

"Maman Zeinab, tambarin ofishinku yana manne a gilashin motar. Tun ranar farko na gani."

Na ce to me ya hana shi faɗa mata?

"Na ga kin rufe ƙofa."

Shi ke nan. Ba faɗa, ba gori. Ya girgiza gwangwanin, ƙarar ɗan dutsen nan na ciki, ya ci gaba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi miyar kuɓewa ta ƙone.

Asabar, 25 ga Mayu

Ta karɓi motarta. Ina kasuwa, da gangan. Hajiya Meimuna ta ce har sunkuyawa ta yi ta shafa da hannu.

Litinin, 27 ga Mayu

Madam ta tara mu a tagar ofis mu ga jantin. Ta ce mutumin ya iya aiki, sai dai jinkiri. Ina riƙe da fayil na ce mijina ne, sunansa Sabiru, kuma damshi ne ya ɓata na farkon. Ta ce a bon, ashe? Ta dube ni, ta dubi motar, ta koma ciki. Ba wanda ya yi dariya. Har aka tashi ba ta sake kirana ba, ban san abin da gobe za ta zo da shi ba.

Ban gaya masa ba. Ba wani abin faɗa ba ne.

Na iso gida hadari ya haɗo ta wajen Agoè, shi yana masallaci. Wasu janti na wani direba suna shanye a tsakar gida, vernin bai gama bushewa ba. Na kira, ba kowa. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ta ciki na riƙe don kada yatsa ya fito a jiki, na jera su a falo kan tsohon zane. Ashe da nauyi. Rigar ofis ɗina mai ruwan ƙwai ta tafi, gaban duk toka.

Falo yanzu wari yake kamar me. Na buɗe taga ɗaya, ɗayar na bar ta a rufe saboda feshin ruwa.

Ya shigo a jiƙe, da gudu, ya tsaya yana kallon tsakar gida wayam. Na ce suna ciki, kuma ya cire takalmi kafin ya taka mini tabarma.