Man da kika aiko wa Baba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah ya raya su, ya sa wa aikinki albarka. Mu nan da sauƙi, gwiwar Inna ta lafa, har ta koma faɗa da kajinta. Baba ne dai, kuma saboda shi na ɗauki biro, don in ta waya ce kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Kin tuna man da kika aiko masa bara, wanda kuke haɗawa a wurin aikinku da ganyen shayi da ɓawon rumman, kika ce yana rage wa fata tsufan da rana ke jawowa? To Baba ya riƙe shi hannu bibbiyu. Kullum kafin ya fita aikin rufin kwano sai ya tsaya gaban madubin Inna ya shafe fuska, ita kuma tana tsokanarsa wai ko gasar kyau zai shiga da furfurarsa. Babu maginin da bai ji labarin 'yarsa mai binciken ganyaye ba. Fuskar ta yi laushi, ban musa ba. Amma tun daga lokacin ya rataye malafarsa a ƙusa. Na nuna masa inda kika rubuta cewa ya ci gaba da sa ta, ya ce wannan kawaici ne irin na masu ilimi.

Wata uku ke nan wani ɗan miki ya fito masa a saman kunnen dama. Ya yi ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, ya sake yin ɓawo. Shi ya ce kwano ne ya karce shi. Ranar Laraba ina cire rigar matashinsa na ga ɗigon jini, tsoho da sabo. Sai na roƙi maƙwabciyarmu nas ta shigo kamar gaisuwa ta kawo ta. Ta duba kunnen suna ta raha, amma da na raka ta ƙofa sai fara'ar ta ɗauke. Ta ce ita ba likita ba ce, sai dai mikin da gefensa ya yi tudu ya ƙi warkewa, a jikin mai hasken fata irin Baba da ya shekara talatin a rana, ba abin jira ba ne, a kai shi a yanki kaɗan a auna. Ba ta faɗi sunan ciwon ba. Ni ma ban tambaya ba, amma na gane ciwon dajin fata take jiye masa.

Na samo masa ganin likitan fata ranar Litinin ta sama, ya ce ba inda za shi. Wai zuwa asibiti daidai yake da ya shaida wa duniya aikin 'yarsa bai ci ba. Yanzu sau uku a rana yake lafta man a kan mikin. Na ɓoye kwalbar, ya daina amsa gaisuwata sai da na fito da ita. Yau da safe ina kallo ya hau tsani, kunnen a buɗe, rana na dukansa.

Auta, wallahi ba laifinki nake gani ba. Amma maganarki kaɗai yake ji. Ki kira shi kafin Litinin, ki faɗa masa da bakinki cewa man nan ba ya warkar da miki, kuma ke ce kike so ya je. Na san da ciwo mutum ya rage wa aikinsa daraja a gaban mahaifinsa. Ki daure. Inna ba ta san abin da nas ta ce ba, kada ki bari ta ji a muryarki.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ki, haka ma baban yara. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan 'yan biyu. Allah ya sa tsorona ya zama na banza.

Taki,
Yaya Babba