Ba Zan Sa Hannu a Kan "Ba Gajiya" Ba

Unguwar Abdulkafi, birnin Sabha

Zuwa ga Zouhoura, Maman Hudaifa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Yaya jikin Inna, yaya Hudaifa da rigimarsa, yaya zafin Maraɗi?

Kin san binciken da nake yi a sashenmu na sadarwa, a ƙaramar jami'ar kuɗin da nake koyarwa. Ni da ɗalibaina mun zaga gonakin Wadi Bawanis da na dabino a Ghuddwa, muna ɗaukar muryoyin leburorinmu 'yan Nijar don jin yadda suke kai kukansu ga masu gona. Ba a faɗa wa Bahaushe da tambaya ba sallama, sai nakan fara da ina aiki, ina gajiya. Su kuma su ce aiki da godiya, ba gajiya.

To, shugaban sashe, Dakta Miftah, ya ba na'ura ta fassara farkon kowace hira zuwa Larabci, wai sauran ya yi tsawo. Ya zauna ya rubuta rahoto cewa leburori duka sun shaida ba sa gajiya, kuma suna godiya! Har da Alhassane, wani ɗan Tawa da injin ban ruwa ya cinye wa yatsu, wanda ya gama gaisuwar sannan ya yi ta magana yana haɗiye kuka. Na yi wa Dakta bayani cewa ko a gadon asibiti haka muke amsawa. Ya ce bayanai ba sa ƙarya. Masu gonakin ne suka ɗauki nauyin taron da za a karanta rahoton, ni ne kuma kaɗai mai jin Hausa, don haka sa hannuna yake nema. Ya tuna mini a hankali cewa kwantiragina da iƙamata, takardar zama, suna kan teburinsa.

Na san kin fara ɗaure kaya don ku taho. Amma wallahi ba zan sa ba.

Mijinki,
Salifou

Abdulkafi, Sabha

Maman Hudaifa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata Inna ta samu sauƙi, ke ma kin huce.

Na ji saƙonki cewa taurin kaina ya fi na jakin Baffa. Na karɓa, ai kin gan ni haka kika aure ni.

An yi taron. Dakta ya karanta rahotonsa, masu gona suka yi tafi. Da aka ba da damar tambaya na tashi, na kunna muryar Alhassane, wanda da ma ya ce in kai ta duk inda za a ji. Ina fassarawa jimla bayan jimla, aka kashe lasifika. Sun manta malamin da ya saba da aji ba ya bukatar ta. Na kai maganar har ƙarshe, ɗalibaina a layin baya suna saurare.

Washegari aka ce ba za a sabunta kwantiragin ba. Rabuwa da ɗaliban nan ta yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, kuma ɗakin da na kama muku na mayar wa mai shi. Amma da za a sake taron gobe, zan sake tashi.

Ki kwance kayan nan, ni ne zan taho. Ki gaida Inna, ki ce wa Hudaifa babansa na hanya, ba tsaraba.

Naki har kullum,
Salifou