Wa Zai Wanke Inna Tani

Madarumfa, tsakiyar bazara, 1951

Zuwa ga matata Alisabatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙarfin jikinki, yaya su Baba da mutanen Maradi duka? Ni lafiyata lau, idan ci da kwana su ne lafiya.

Kin ce in ba ki labarin ikilisiya. Ba shi da tsawo. Gidan Simon sun tashi sun koma wajen Katsina bayan sanƙarau ya ɗauke musu yara. Yahaya ya koma salla, ban kuwa ga laifinsa ba, surukansa ke ciyar da shi. Saura Inna Tani, tsohuwar nan mai daddawa. Ran Lahadi nakan buga ƙarfen da ke rataye a tsamiya, sannan in bi ta gida in yafuto ta, tunda kunnenta ya toshe gaba ɗaya. Mijinki, wanda dattawa suka ɗora wa hannu suka ce makiyayi ne, yau kurma ɗaya yake yi wa wa'azi. Takan ce amin in na rufe baki, wani lokaci ma tun ban rufe ba.

Tun ranar da muka binne 'yarmu a gefen gona ban yi kuka ba. Ina addu'a, amma kamar mai tauna ƙaiƙayi. Ba fushi nake da Allah ba, da fushin ne ma da ya fi sauƙi. Ba na jin komai ne kawai.

Na yanke shawara. Kafin ruwa ya sauka zan mayar wa maƙwabcinmu Sule gonar da ya ara mana, in zo Maradi in koma kan keken ɗinkina. Kin ce ba za ki ƙara taka garin nan ba, ni ma ban ce ki taka ba.

Ki huta lafiya.
Mijinki, Toma

Madarumfa, ƙarshen bazara

Alisabatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, Illo mai kamyon gujiya, babbar motar kayan nan, zai ba ki wannan hannu da hannu.

Inna Tani ta kwanta, kuma ba kwanciyar tashi ba ce. Ni ke dama mata kunu, in kika ga kunun sai kin tausaya mata. Danginta sun aiko mini da saƙo a fili: tunda ta bar salla ta bi ni, ran da ta cika ba za su wanke ta ba, ba za su sallace ta ba, in san yadda zan yi da kayana.

Jiya ta riƙe mini hannun riga, ta yi magana da ƙarfi irin na kurame. Ta ce ta daɗe ba ta jin ko kalma ɗaya daga bakina, amma abin da ta ji tun kunnenta na buɗe ya ishe ta. Roƙonta ɗaya ne, kada in bari a ja ta daji kamar mushen jaki.

Kabari zan iya haƙawa, addu'a zan iya karantawa. Amma namiji ba ya wanke mace. A makarantar da aka koya mana wa'azi ba wanda ya taɓa ambata wannan. Duk garin nan ba wata mace mai bi sai wadda ke kwance. Na san abin da nake roƙo, na san hanyar gidanta ta gefen gonar nan ta bi, inda 'yarmu ke kwance. Duk da haka ina roƙonki ki zo.

Naki, Toma

Madarumfa, an fara haɗa hadari

Matata Alisabatu,

Ina gaishe ki, ina gaida su Baba. Allah ya ƙara miki sauƙi.

Illo ya kawo farin zanen da kika yi baftisma da shi. Na gane amsar, ban kuma riƙe ki a zuciya ba.

Inna Tani ta cika ran Talata da hantsi. Na zauna a ƙofar ɗakinta da zanen a cinya, ban san abin da nake jira ba. Can sai ga Rakiya matar Sule da tulu da ganyen magarya. Ba ta dube ni ba. Ta tambaya ta bayan asabari yadda mu muke wanke namu. Na ce ban sani ba, ta yi yadda za ta yi wa uwarta. Sule ya kama mini haƙa, da na buɗe Littafi ya ja da baya ya tsaya ƙarƙashin gawo har na gama. Mun sa ta kusa da yarinyar.

A hanyar dawowa na yi masa zancen mayar da gona. Bai ɓoye mini ba: in ta koma hannun gidansu, ƙannensa za su shuke ta har gefe, shekara biyu ba mai sanin inda aka sa kowa.

Saboda haka ba zan zo ba. Kada ki ce wani kira na ji, ban ji komai ba. An ce in yi kiwo, abin da ya rage mini ke nan, kabari biyu. Na sassaƙa sunayensu a jikin itace. Na rubuta Saloma, sunan da kunyar 'yar fari ta hana mu kira da bakinmu tana da rai.

Ran Lahadi na buga ƙarfe, na shiga na zauna, na fito. Yau na sari ƙaya na yi wa wurin shinge saboda awaki. Sule ya ce na yi shi da faɗi. Na bar wurin ƙarin mutum biyu ne, ni da ke, ba don in matsa miki ba.

Ni ne mijinki,
Toma